Sabulun da Inna ta ce yana cizo

Shekarun baya masu nisa, zamanin da kumandan Bafaranshe ke zaune a Gure, kafin babban yaƙin Turawa na biyu, mahaifiyata ta yi ƙarya a gaban mahaifina, kuma a kaina ta yi ta. Ita ce ƙarya ɗaya da na taɓa kama ta da ita duk tsawon zamanmu, a kan curin sabulu kuwa. Yau na tsufa, haƙora sun yi mini sallama, amma in na tuna safiyar nan sai in ji abin ya motsa mini a ƙirji.

Mu gidan masu dafa sabulu ne. Kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye na ƙasar Gamu, ita ce duk matan yankin ke aika wa in an yi haihuwa, don sabulunta ba ya yi wa jariri zafi. 'Ya'yanta mata biyu suka tashi a gindin tukunyarta: mahaifiyata, wadda nake kira Inna, da yayarta, wadda muke kira Inna Babba.

Aikin ba shi da wani asiri, sai dai wahala. A ƙona karan hatsi har ya zama farar toka. A zuba tokar a tukunya mai huji a gindi wadda aka shimfiɗa wa ciyawa, a riƙa zuba ruwa yana tsiyaya cikin ƙwarya. Wannan ruwan tokar a dafa shi har ya ragu ya yi ja. Sannan a zuba mai, man gyaɗa ko tsohon man shanu daga wajen makiyaya, in na jarirai ne kuma man aduwa, a yi ta juyi da muciya har kafaɗa ta gaji. In ya kama jikinsa, mai dafawa ta gutsuri ɗan kaɗan ta ɗora a kan harshenta. Idan ya yi mata tsat kamar cizon cinnaka, to toka ta fi mai yawa, ba a ba kowa shi, sai dai a yi wankin kaya. Idan kuwa ya kwanta lami, ɗan ɗaci kawai, to ya yi.

Inna takan ce toka mayunwaciya ce, mai ne abincinta. In ba ki ƙosar da ita a tukunya ba, to a jikin mutum za ta ƙarasa cin abincinta. Shi ya sa a sabulun jarirai takan ƙara mai har ya ɗan yi rara. Wannan shi ne dukan karatun da aka yi mini, kuma ba zaunar da ni aka yi ba, a iska na tsince shi. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta yabona, ba ta ma cika dubana ido da ido ba. "Ke 'yar nan" shi ne sunana a bakinta. Haka al'adar take, ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba.

Da kakata ta rasu, ranar sadakar arba'in, mata sun cika gida, aka zo maganar wa zai ɗauki babbar tukunya da muciyar tsohuwa. Inna Babba ta jawo su gabanta, wanda ba laifi ba ne tunda ita ce babba. Da ta tsaya nan da an wuce wurin. Amma mace ce mai kaifin baki, sai ta dubi matan ta ce ai ƙanwarta juyi kawai ta iya, harshenta bai san komai ba, tun suna yara ita take ɗanɗana mata. Wasu suka yi dariya. Inna kuwa ba ta da yawan magana, amma in ta faɗi abu ya zauna. Ta miƙe ta gyara zanenta ta ce, "Wallahi Yaya, ba zan ƙara taka ƙofarki ba sai ranar da sabulu ya gagare ni."

Sabulu kuma ya ƙi gagararta. Shekaru suka yi ta tafiya, gidajensu ba nisa, amma ko a rijiya suka haɗu sai kowace ta dubi guganta. Baba ya yi magana har ya gaji. Ya ce mata malamai sun ce rantsuwa irin wannan kaffara ake yi a karya ta, zumunci ya fi ta. Inna ta ce ta ji. Ba kaffarar ce ta dame ta ba, a gaban mata ta faɗi maganar, kuma matan nan suna raye.

Bayan shekarun da fara ta cinye mana gonaki, Baba ya samu fili a wani kwari kusa da Gure, muka kwashe muka koma. Ga wanda bai san ƙasar ba, kwari wani rami ne mai faɗi a tsakiyar tuddan rairayi, da goruba da dabino da lambuna a ciki, ruwa kusa, ka haƙa kaɗan ka same shi. A tsakiyarsa ƙasa takan yi fari fat da kanwa, masu jakuna da raƙuma suna zuwa ɗiba. Lokacin na fara zama budurwa, ina ji da kaina, ina ganin duk duniya ba wanda ya kai uwata iya sabulu, ni kuma ina biye da ita.

Da muka zauna sosai, Inna ta ɗora tukunyarta ta farko a Gure. Kara irin na gida, mai irin na gida, awo da ƙoƙon da ta saba, ruwa daga rijiyar lambunmu. Ta juya, ya kama, ta ɗora a harshe. Na ga fuskarta ta yamutse, ta tofar. Ban taɓa ganin haka ba tunda nake. Ta ce a ajiye shi don wanki. Da na wanke zannuwa da shi, sai da tafin hannuna ya yi ja, fatar yatsuna ta saɓule.

Ana cikin haka wani mai jakunan kanwa, mutumin ƙauyenmu, ya biyo ya sha ruwa a gidanmu. Cikin labarin gida ya ce Inna Babba tana kwance tun bayan girbi, idonta ya tafi, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Baba ya yi salati. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da aikinta. Ni a raina na ce madalla, haka ake so, uwata ba ta da rauni. Allah ya yafe mini, yarinta ce.

Ta sake ɗora tukunya, ya yi cizo. Ta sake, ya yi cizo. Matan unguwa da suka ji labarin an samu mai sabulun jarirai suka fara aike, tana mayar da su hannu wofi. Wata rana da la'asar, Baba ya dawo daga lambu yana wanke ƙafa, ta durƙusa gefensa ta ce, "Malam, sabulu ya gagare ni. Ka ba ni izini in je wurin Yaya."

Baba ya dube ta. Ya ce to, in ayarin masu kanwa ya tashi zuwa yamma sai ta bi su, ta tafi da ni.

Ni dai abin bai yi mini daɗi ba. Ina ta hango uwata durƙushe a ƙofar matar da ta yi mata dariya a gaban jama'a, tana cewa na kasa. Na rantse a raina, tunda gidanmu ba a rasa mai rantsuwa, cewa sai na gano abin da ya ɓata mana sabulu kafin ayarin nan ya tashi. Na zargi kara, na zargi mai, na zargi tukunya. Har na zargi wata mata da ta taɓa leƙa mana murhu, na bi ta da harara kwana da kwanaki, baiwar Allah ba ta san ma ina yi ba.

Wake ne ya tona asirin. Wata rana Inna ta tafi gaisuwar haihuwa ta bar mini girki. Na ɗora wake, na shiga neman kanwa in jefa don ya yi saurin nuna, na duba inda muke ajiye ta ban samu ba. Na haƙura na zauna ina jiran doguwar dahuwa. Kafin in gama gyaran kuɓewa waken nan ya yi luguf, har ya ɗan yi ja, irin jan da yake yi in an sa masa kanwa. Na tsaya ina kallon tukunya da baki buɗe. Ban sa komai ba sai ruwa.

Na ruga wurin maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Babarbariya da aka haifa a kwarin, wadda Hausarta take fita da ɗan karkace. Na tambaye ta ko ruwan rijiyarmu yana da kanwa. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wushe da aiki, 'yar masu sabulu," in ji ta, wato sannu da aiki a bakinsu. "Ku baƙi, rijiya duk rijiya ce a wurinku. Ta lambunku ai ta kusa tsakiya, ba ki ji zartsi a bakinki? Ruwa mai daɗi yana can gindin tudu, inda rairayi ya sauko."

Zartsin kam na ji shi tun zuwanmu, na ɗauka haka ruwan garin yake, har bakina ya saba. Nan take lissafin ya haɗu a kaina. Kanwa da toka ai 'yan gida ɗaya ne, dukansu suna laushe wake, dukansu suna sa miya yauƙi. Ashe duk ruwan da muke zubawa a kan toka da tasa yunwar yake zuwa. Muna awon mai na baki ɗaya, alhali bakuna biyu ne a tukunyar.

Ban gaya wa Inna ba. Na so in kai mata abin a hannu, a gaban Baba, ta ga irin 'yar da ta haifa. Tsohuwar nan ta ara mini murhunta da tukunya, ta ba ni man aduwa da take ajiye da shi don ƙafafunta. Na yi ta jigilar ruwa daga gindin tudu, tulu a ka, ƙafa tana nutsewa cikin rairayi. Na tsiyaye toka, na dafa, na juya har na ji kafaɗata kamar ba tawa ba. Da ya kama na ƙara ɗan mai, kamar yadda nake ganin Inna tana yi wa na jarirai. Na rufe ido na ɗora a harshe. Shiru, ba cizo, ɗan ɗaci kawai. Na wanke fuskata da shi, na wanke wa jikar tsohuwar hannu, ba wanda ya ce uffan. Na dunƙule shi curi guda, shatin yatsuna a jikinsa, na ɓoye a inuwa ya sha iska.

Safiyar da ayari zai tashi, Baba yana ɗaure kaya a kan jaki, Inna ta yafa mayafinta. Na fito da curina a tafin hannu biyu, na durƙusa, na zuba bayani kamar mai wa'azi a kasuwa: ruwa ne, kanwa ce, wake ne ya nuna mini, ga rijiyar gindin tudu, ba hannunta ba ne, ba sai ta je ta sunkuyar da kai a ƙofar kowa ba. Baba ya saki igiya ya juyo yana kallonmu.

Inna ta karɓa. Ta juya shi a hannu, ta shinshina, ta gutsura da farce ta ɗora a harshe. Na zuba mata ido ina jiran abin da ban taɓa samu ba. Fuskarta ba ta yamutse ba, ba ta kuma tofar ba. Ta daɗe da shi a baki.

"Yana cizo," in ji ta.

Na ce, "Inna, wallahi na ɗanɗana."

"Ke 'yar nan, na ce yana cizo. Ɗauko tabarmarki, mutane suna jira."

Baba ya koma ya kama igiyarsa. Ban ga inda ta yi da sabulun ba, don hawaye sun rufe mini ido. Ban taɓa jin ciwon magana kamar na wannan ba. Duk tsawon hanyar ban ce mata komai ba sai in ta tambaye ni, ita ma ba ta nemi hira ba. Ina tafe bayan jakuna ina ta saƙa: ko dai harshen nata ne ya mutu, kamar yadda yayarta ta faɗa, ko kuwa ba ta iya jure a ce 'yarta ta gano abin da ya shige mata duhu.

Da hantsi muka shiga ƙauyenmu. Labari ya riga mu, mata sun leƙo ta kan danga, cikinsu har da waɗanda suka yi dariya ranar sadaka. Inna ba ta dubi kowa ba. Ta miƙe har ƙofar ɗakin Inna Babba, ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ɗaga murya yadda na bayan danga za su ji.

"Yaya, sabulu ya gagare ni."

Can sai wata siririyar murya ta fito, wadda ban gane ba da farko.

"A Gure?"

"A Gure."

"Da ruwan wace..." Sai ta tsaya. Na ji numfashinta yana fita da ƙyar. Sannan ta ce, "To shigo mana. Da ma na faɗa, juyi kawai kika iya."

Inna ta shiga da rarrafe. Na ji wani sauti da na kasa rabewa ko dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Ni kuwa ina tsaye a waje da tabarma a hammata, har yanzu ina kumbure.

Matar da na bari mai ƙiba da faɗa ta koma ƙashi da fata. Doguwar kwanciya ta ɓata mata baya, fatar ta yi laushi ta tsattsage, wuri-wuri ya zama miki. Surukarta, matar ɗanta, ta ce sun daina sa mata sabulu, ko wanne aka taɓa ta da shi sai ta yi ƙara, ruwan ɗumi kawai suke shafa mata. Inna ta ce a ɗora ruwa. Ta ce in riƙe ƙwarya.

Ta kwance ƙullin zanenta, sai ga curin sabulu da shatin yatsuna a jikinsa.

Saura kaɗan ƙwaryar ta suɓuce mini. Ta jiƙa hannu, ta murza shi har ya yi kumfa, ta jingina yayarta a ƙirjinta ta fara wanke mata baya a hankali, tana bin gefen mikin da yatsa. Uwata, wadda ba ta yarda a taɓa ɗan kowa da sabulu mai cizo, ita ce take shafa wannan a fatar da ba ta jure komai. Na zuba ido ina jiran ƙara. Inna Babba ta sauke ajiyar zuciya, ta saki jikinta.

Da aka gama ta miƙo hannu tana lalube, ta ce a ba ta sabulun. Ta shinshina, ta ɗora a harshe, ta juya shi a baki irin na masu sana'a.

"Wannan ba hannunki ba ne," in ji ta. "Wa ya dafa?"

Inna ta dubi bango. Ta ce, "Wata yarinya ce can gidanmu."

"To ki gaya wa yarinyar ta ƙosar da tokarta."

Ina tsaye a kansu da ƙwarya, ba wadda ta dube ni, hawaye suna ɗiga cikin ruwan wankan. Ita ba ta gani, uwata kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Mun zauna har Allah ya karɓi abinsa, kafin damina ta faɗi. Kullum Inna ce mai yi mata wanka, kuma curin nan bai ƙare ba sai da ya kai ta wankan ƙarshe. Da za mu koma, surukarta ta miƙo mini muciyar kakata, ta ce marigayiya ta ce a ba yarinyar can. Kada ku tambaye ni inda muciyar take, gara ta cinye ta tun da daɗewa. Da muka iso Gure, washegari Inna ta ɗauki tulu ta nufi gindin tudu ba tare da ta tambayi kowa hanya ba. Daga ranar sabulunta bai ƙara cizo ba.

Jikata da ta yi lakwal, wato boko, mai zurfi ta taɓa zaunar da ni ta yi mini bayanin abin da ke cikin toka da abin da ke cikin kanwa, da sunayensu na Faransanci da ban riƙe ko ɗaya ba. Ta ce in sun haɗu da mai a kan wuta sai su juye su zama wani abu dabam, wanda yake kama datti da hannu ɗaya ya kama ruwa da ɗayan, in kuma sun yi saura sai su ƙona fata. Na ji daɗin bayanin, don ya nuna mini ban yi kuskure ba a lissafin wake. Gaskiyata gaskiya ce, har gobe. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne mutum yakan zo da gaskiya a hannu biyu, ya tarar wani yana tsananin bukatar a bar shi da kasawarsa. Tun daga nan, in na ga babba ya ce ya kasa abin da na san ya iya, nakan ɗan jinkirta kafin in ruga da taimako.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma kunya ta hana ni. Sai da ta tsufa ƙwarai, ni ma na yi jikoki, wata rana ina shafa mata man aduwa a ƙafa, na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, sabulun nan na ranar tafiya, da gaske ya yi cizo?"

Ta yi murmushi, idonta a kan ƙafarta, ba a kaina ba.

"Ke 'yar nan, ba ki nemi kanwa a gidan kin rasa ba? Tun zuwanmu na daina sa ta a wake." Sannan ta ce, "Sabulunki ya fi nawa. Amma da na ce ya yi, da me zan je ƙofar Yaya?"